SANDUNA BIYU A TSAKAR GIDA: ZIYARA A ƘASAR SARKIN HAUSA

A wannan wata tafiya ta kai mu ƙasar Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi, jihar Maradi. Mun tafi ne don mu ga yadda amfanin gona ya yi, mu kawo muku labari kamar yadda muka saba. Amma abin da muka tarar a tsakar wani gida ya sa muka ajiye zancen hatsi sai wata mai zuwa. Yau zancen yaran da tafiya ta yi wa nawa za mu yi. Kusan kowane gari akwai irinsu, sai dai ba a cika ganinsu ba, don a ɗaki suke wuni.

HANYA

Mun tashi daga Maradi da sassafe, muka bi babbar hanyar Damagaram har Cadawa. A nan muka rabu da ita. Ita ta miƙe gabas zuwa Agye da Gazawa da Tasawa, mu kuwa muka karya arewa, muka kama hanyar Mayahi. Dama da hagu duk jigawa ce. An gama girbi, dammunan hatsi na jingine bakin rumbuna, mata na tsintar sauran wake. Shanun Fulani sun fara shiga gonaki suna cin kara. Gawo ya soma sabon ganye, shi da ba ya ado sai damina ta wuce.

Wanda ya san wannan ƙasa shekaru 40 da suka wuce zai yi mamakin itatuwan da ke cikin gonaki yanzu. Sassaben zamani ne ya kawo haka. Tun wajen 1984 manoman jihar Maradi suka fara barin tohon kututture, suna gyara shi har ya zama icce. Ku riƙe wannan zance na icce, za mu komo kansa.

Sarkin Hausa na bisa hanya kafin a isa Mayahi da Gulbin Kaba mai goriba. A 2002 ta zama ƙaramar hukuma, da garuruwa da ruggage masu yawa ƙarƙashinta. A nan malamin yaƙi da jahilci ya tarbe mu. Muka sha fura, muka hau amalanke, don garin da za mu mota ba ta son rairayinsa.

ABIN DA MUKA GANI

Bayan mun gaida maigari, sai malamin ya ce mu leƙa gidan wani ɗalibinsa. Muka yi sallama, aka ce mu shigo. A tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, muka ga an kafa gwafanni 4, an gitta sanduna 2 a kansu, ɗaya dama ɗaya hagu. Mun ɗauka wurin shanya ne ko turken awaki. Ashe ba haka ba ne.

Wata tsohuwa ta fito ɗauke da yaro, shekarunsa 3 da ƴan watanni. Ta tsayar da shi tsakanin sandunan, ta ɗora hannuwansa a kai. Ƙafafunsa sun ƙage, yana tsaye bisa ƴan yatsu, gwiwoyi na neman haɗewa. Ta durƙusa bayansa, ta riƙe ƙugunsa, ta danna dugadugansa ƙasa a hankali. Yayarsa ta tsuguna a ɗaya ƙarshen, tana kaɗa gwangwani mai tsakuwa a ciki, tana yi masa tatata.

Yaro ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye. Ya tsaya yana haki. Ya jawo ta hagu. Muna ƙidayawa a zuci. Taki 7 ya yi kafin ya kai ga yayarsa, ya fizge gwangwanin yana dariya.

Muka ce: «Iya, sannu da ƙoƙari. Tun yaushe ake wannan aiki?»

Ta ce: «Ɗana, sandunan tun farkon damina. Amma aikin ya girme su. Zauna ka ji.»

LABARIN KAKA

Ta ce ranar haihuwarsa uwar ta kwana 2 tana naƙuda a gida. Da aka ga abin ya ƙi, aka ɗora ta bisa amalanke, ta haihu a hanya. Yaro ya fito bai yi kuka ba sai da aka daɗe. Aka yi suna, aka yi arba'in, ba wanda ya lura da komai. Sai da tsaransa suka fara zama, shi ko wuyansa bai tsaya ba. Suka yi rarrafe, suka tashi, shi yana kwance.

Nan fa magana ta yi yawa. Wasu suka ce shan inna ne. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Wasu suka ce uwar ce ta fita da almuru tana da ciki. Aka yi turare, aka yi tsaga, aka sayar da akuya 2 wajen neman magani. Uwar ta daina zuwa biki da suna saboda bakin mutane. In za ta gona, sai ta shimfiɗe shi a ɗaki ta ja ƙyaure.

«Da ya kusa shekara 2,» in ji tsohuwar, «na ce ni dai jikana ne, na ga yana bi na da ido, in na yi masa wasa yana murmushi. Na goya shi na kai shi awo. Majo ya duba shi, ya ce ba iska ba ce, wahalar haihuwa ce ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ya ce ba allurar da za ta warkar da shi, amma in aka koya wa jikinsa zai koya. Ya ba mu takarda zuwa Maradi. Can masu gashin ƙashi suka nuna mana abin da za mu riƙa yi a gida.»

Ba da tsayuwa aka fara ba. An fara da kifa shi bisa naɗaɗɗiyar tabarma, don ya riƙa ɗaga kai. Daga nan aka koya masa juyi. Daga nan zama cikin kwando, an kewaye shi da tsummoki. Wata 5 aka yi kafin ya zauna shi kaɗai. Sannan durƙuso, sannan tsayuwa jikin turmi. Sanduna su ne suka zo daga baya. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, kuma ga shi mun gani da idonmu.

Uban yaron ya shigo muna cikin hira. Bai ɓoye mana ba, ya ce da farko shi bai yarda ba. Kuɗin mota zuwa Maradi ya yi masa yawa, kuma yana ganin wahalar banza ce. Ranar da ya dawo daga gona ya tarar da ɗansa zaune, ba mai riƙe da shi, ranar ya ɗauki gatari. Daga gonarsa ya saro gwafannin, cikin itatuwan da ya raina da hannunsa.

KOWANE YARO DA LOKACINSA, AMMA AKWAI IYAKA

Sau da yawa iyaye na tambaya: yaushe ne za a ce yaro ya makara? Ga abin da aka sani. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike. An bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe 5: Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Ga abin da aka samu:

Zama ba tallafi: daga wata 4 zuwa wata 9.
Takawa ana dafa wani abu: daga wata 6 zuwa wata 14.
Tsayuwa ba dafawa: daga wata 7 zuwa wata 17.
Tafiya shi kaɗai: daga wata 8 zuwa wata 18.

Kun ga tazarar na da faɗi. Wani ya tashi da wata 9, wani sai wata 16, kuma duka lafiyarsu lau. An ma samu yara kamar 4 cikin 100 da ba su yi rarrafe ba sam, suka tashi abinsu. Don haka kada a tada hankali don ɗan maƙwabta ya riga naku.

Amma in yaro ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya cika shekara 1 da rabi bai taka ba, to kada a jira. Haka in jikinsa ya cika sanyi kamar tsumma, ko ya cika ƙagewa, ko yana aiki da hannu ɗaya kawai. A kai shi likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ME KE KAWO WANNAN?

Ƙafa ba ita ke tafiyar da kanta ba. Ƙwaƙwalwa ce ke aika mata umurni, kamar yadda mai garma ke sarrafa shanu da igiya. In wani wuri a ƙwaƙwalwa ya samu rauni tun yaro na ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri, sai saƙon ya riƙa isa a karkace. Abubuwan da suka fi jawo haka a ƙasarmu su ne doguwar naƙuda, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai sa suma. Raunin ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare, kuma ba laifin uwa ba ne. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, fiye da rabin irin waɗannan yara suna tafiya da ƙafarsu. Likitoci sun lura cewa wanda ya iya zama shi kaɗai kafin ya cika shekara 2, galibi yakan taka.

Wannan dabam yake da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce, tana zuwa da zazzaɓi, ta bar ƙafa a shanye, siririya, ba ƙarfi. Rabon da a ga mai tsananin nan ta asali a Nijar tun 2012, kuma a 2020 aka bayyana cewa an kawar da ita daga Afirka duka. Amma akwai wani iri da ke ɓullowa inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba. Shi ya sa har yanzu ake ɗiga magani a baki. Kada ku ɓoye ƴaƴanku in masu ɗigo sun zo.

Tamowa ma na hana yaro tashi. Mutanen jihar Maradi ba su manta da 2005 ba. Yaron da ya rame ba shi da ƙarfin ɗaukar jikinsa. Irin wannan, in ya samu magani da abinci, yakan cim ma tsaransa.

A RUGGA

Da la'asar malamin ya kai mu wata rugga a gefen gari. Makiyayan sun sauka cikin gonar wani, shanu na zuba masa taki. A nan muka ga yarinya ƴar shekara 2, fara, mai fara'a, idanunta ƴan ƙanana, harshenta na yawan leƙowa. Ita jikinta ba ƙagewa ya yi ba, laushi ya yi. Tana zama, tana jan gindi, amma ba ta tsaya ba tukuna.

Irin wannan halitta likitoci na kiranta Daun, sunan wani likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866. Ana samunta a kowace ƙabila, wajen yaro 1 cikin 1000. Waɗannan yara kusan dukansu suna tafiya, sai dai sukan kai shekara 2, wasu 3 ko fiye.

Muka tambayi uwar ko tana da wurin kafa sanduna, su da ba su daɗewa wuri ɗaya. Ta yi dariya, ta nuna mana sandar kiwon mijinta. Ita ta riƙe kai ɗaya, babban ɗanta ya riƙe ɗaya, yarinya ta kama tsakiya ta miƙe. Safe da maraice, bayan tatsa, haka suke yi.

Wannan ya tuna mana da wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2001. An ɗauki jarirai 30 masu Daun, aka raba su kashi 2. Kashi ɗaya iyayensu na riƙe su bisa wani ɗan inji mai jan ƙafa, suna takawa minti 8 a yini, kwana 5 a mako. Waɗannan sun riga sauran tafiya da wajen kwana 100. Mu ba mu da injin a karkara. Amma ku dubi lissafin: minti 8 ne kawai, bai kai dahuwar shayi ba. Abin da ya yi aiki shi ne kullum. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

WANDA BA ZAI TAKA BA FA?

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane yaro ne zai tashi ba, ko an yi iyakar ƙoƙari. A garin nan mun ga wata yarinya mai shekara 8, raunin nata ya yi yawa. Kawunta ya yi mata kujera da icce da igiyar kaba, mai jingina, ya sa mata ƙafafun tsohon keke. Ƙannenta ke tura ta makarantar allo, kuma malaminsu ya ce ta fi da yawa cikinsu riƙe karatu. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin naƙasassu a 2008. Amma takarda ba ta fitar da yaro daga ɗaki. Mutanen gida ke fitar da shi.

GA YADDA ZA KU YI A GIDA

Mun roƙi tsohuwar da uban yaron su faɗa mana abin da aka koya musu, don amfanin masu karatu. Ga shi:

1. A fara kai yaro likita, a san abin da ke damunsa. In yana farfaɗiya, akwai maganinta.
2. Kada a bar shi kwance wuri ɗaya yini guda. A juya shi, a kifa shi yana farke ana kallonsa, a zaunar da shi cikin mutane.
3. A bi mataki mataki: wuya, juyi, zama, durƙuso, tsayuwa, sannan taki. Kada a yi tsalle.
4. Goyo na da amfani ga mai haɗe ƙafafu, don yana buɗa su.
5. A riƙa miƙar da gaɓoɓinsa a hankali kowace rana, bayan wanka. Kada a fizga, kada a yi da ƙarfi har ya yi kuka.
6. Sanduna su zo daidai ƙugunsa, faɗinsu ya ɗan fi kafaɗunsa. A kankare su sarai saboda sartse. A daɓe tsakaninsu, don rairayi mai zurfi na gajiyar da ƙafa. A bar rairayi a gefe saboda faɗuwa.
7. In ya ƙware a sanduna, kafinta ya yi masa keken tatata. A ɗaura masa dutse ko ɗan buhun ƙasa, don kada ya gudu da shi.
8. A riƙe shi a ƙugu, kada a rataye shi ta hannuwa.
9. A mai da abin wasa. In ya gaji a bari. Kaɗan kaɗan sau 3 ya fi mai yawa sau 1.
10. A ba shi abinci yana zaune, da cokali, a hankali. Kada a yi masa ɗura, don yana saurin ƙwarewa. A ƙara masa ƙuli-ƙuli, wake, zogale, ƙwai ko nono cikin kunu.
11. A bar tsaga da ƙona fata. Ciwo suke ƙarawa.

Wanda majo ya ga ya fi ƙarfinsa, zai tura shi babbar likita ta Mayahi ko ta Tasawa, daga can zuwa Maradi. Yaron da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin na kallon ciki, shi nasa gyaruwa yake yi sarai in an fara tun yana jariri, da filasta da ake sakewa kowane mako. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 na wannan aiki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Maza, wannan naku ne. Mai ciki ta je awo. A tanadi amalanke da kuɗin mota tun cikin bai tsufa ba. Naƙudar da ta wuni, ko ta kwana, ba ta gida ba ce. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, a kai shi likita a ranar, kada a jira suna. A kwana cikin gidan sauro. A karɓi maganin zazzaɓi da ake rabawa yara wata wata da damina. A cika alluran rigakafi duka. Da an yi haka, da yawa cikin yaran nan da ba su shiga wannan wahala ba.

KOMOWA

Washegari kafin mu hau amalanke muka sake leƙa gidan don sallama. Mun tarar da uwar yaron ce ke riƙe da ƙugunsa, tsohuwa na gefe tana kaɗi. Wasu mata 2 daga wani gari na zaune bisa tabarma, ɗaya da goyon yaro babba. Labarin sandunan ne ya kai musu, suka zo gani. Uwar da a da ba ta fita saboda kunya, ita ce ke nuna musu yadda ake danna dugadugi.

Yaron bai fara tafiya shi kaɗai ba. Ba mu ce muku gobe zai fara ba. Amma da muka ce masa sai wata rana, ya saki sanda ɗaya, ya ɗago mana hannu, yana tsaye da ɗayan.

Tsohuwa ta ce: «Ka gani ko, Malam? In ka komo da bazara, shi zai tarbe ka a zaure, in Allah ya so.»

Muka ce: «Allah ya sa, Iya.»

To jama'a, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata. Malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wannan a aji. Masu gari, ku bincika ko akwai irin yaron nan a ɓoye cikin garinku. In akwai, gwafa 4 da sanda 2 ba su fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya gwada, ya rubuto mana yadda ta kasance, za mu buga don wasu su ƙaru.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa mu ci abin da muka noma lafiya, amin.